Kwalbar da Na Binne a Bayan Rumbu

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai Yaya Sale makwancinsa, a irin wannan lokaci na bazara da kowa ke ɗaga kai yana duban gabas. Kowace shekara idan ranar ta zagayo, abin da nake yi bai wuce in sa a toya waina a raba wa maƙwabta, a yi masa addu'a a masallacin unguwa, in koma zaure in yi shiru ba. Bana na ɗauki biro, ba don na iya rubutun jarida ba, sai don wata magana da na danne a cikina tsawon shekarun nan, wadda ta fito ba da son raina ba. 'Yarsa Saudatu, da ta dawo hannuna tana da shekara goma sha uku na raine ta tare da nawa, ta yi mini tambaya guda ɗaya wata uku da suka wuce. Na ba ta amsa ta gaskiya. Amsar ta sa ta ɗauke ƙafa daga gidana, ta daina kirana Baffa, sai dai ta aiko da gaisuwa ta bakin matata kamar yadda ake gaida baƙo.

Ni malamin firamare ne mai ritaya. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina buga tebur ina ce wa 'ya'yan mutane su faɗi gaskiya. Ku riƙe wannan a ranku, domin zai yi amfani a gaba.

Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu na wajen Ɗanbatta ya san gona a nan ba ta da faɗi. Ta wannan ta jingina da ta wancan, iyakar kuwa ɗan layin gamba ne ko lalle. Saboda haka idan Yaya Sale ya ɗora wa shanunsa karkiya ya fara huɗa, gonaki bakwai ake jin muryarsa. Shanun biyu ne, Fari da Gwarzo, kuma ban taɓa ganin ya sauke musu sanda ba. Da murya yake juya su a ƙarshen kunya, da murya yake tsayar da su, har matan cikin gida kan ce idan suka ji ya yi shiru to hantsi ya yi, a kai fura gona. Ya girme ni da shekara tara. Shi aka bari a gandu, ni aka tura makaranta, kuma bai taɓa nuna mini ya ji haushin wannan rabo ba, sai dai tsokana. Ɗan boko yake kirana har ya bar duniya.

Abin da aka fi saninsa da shi bayan huɗa shi ne zaɓen iri. Kafin a girbe gero sai ya shiga gona shi kaɗai da 'yar wuƙa, yana bin kunya-kunya, yana duban zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta cika har baki, ƙwayarta a matse, babu alamar cuta, ita zai yanka ya ɗaure daban ya rataye a cikin rumbu. Ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Na taɓa tambayarsa yadda yake ganewa, ya dube ni ya ce, "Komai yana da shaida a jikinsa, ɗan boko. Idonka ne bai kai ba." Aibinsa da na sani guda ɗaya ne, sigari. Ya koyo ta a ci-rani tun yana saurayi, kullum da kara a bayan kunnensa, kuma ba irin faɗan da mahaifiyarmu Inna ba ta yi ba.

Da muryar ta fara dishewa ba wanda ya damu. Aka ce mura ce, aka ba shi zuma da citta. Wata guda, wata biyu, murya sai ƙara shaƙewa take. Daga nan aka yi abin da kowane gida a garinmu zai yi, aka kira wanzami. Ya buɗe masa baki ya leƙa, ya ce beli ne ya yi tsawo, ya sa ƙarfensa ya datse. Ɗan naman da ya fito aka naɗe shi a tsumma aka binne a gindin katanga, kamar yadda ake binne mabiyiyar jariri, da gashin aski, da duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam. Haka muka tashi muka gani. A wurinmu abin da aka yanko daga jikin majinyaci shi ne cutar, kuma wurin cuta ƙasa.

Murya ba ta dawo ba. Haɗiyar tuwo ta fara yi masa wuya, yana kora kowace loma da ruwa. Ni na matsa muka hau motar haya zuwa Kano, kuma na daɗe ina yaba wa kaina a kan wannan matsawar. Bayan zirga-zirga ta makonni, wani likita matashi ya zura masa wani siririn abu mai fitila a maƙogwaro, ya ce ya ga tsiro a wurin da murya take fita. Aka sa rana, aka sa masa maganin barci aka gutsuro kaɗan daga tsiron. Da rana ta yi sanyi wata ma'aikaciya ta miƙo mini 'yar kwalba mai murfi, da ruwan magani mai ƙarfin wari a ciki, ɗan naman yana kwance a ƙasa bai fi ƙwayar wake ba. Ta haɗa mini da takarda, ta ce in kai ɗakin gwaji, a can za a gane ko mene ne. Ranar Alhamis ce. Kafin in gano ginin, na tarar an rufe tagar karɓa, mai gadi ya ce in dawo gobe ko Litinin. Yaya Sale yana zaune a benci a galabaice yana son gida, saboda haka na jefa kwalbar a aljihun riga muka kama hanya.

Washegari da safe Inna ta gan ta a kan tagar ɗakina. Ta ɗauka ta ɗaga a rana, ta tambaye ni mene ne wannan. Na faɗa mata. Ta yi salati ta zauna a kan turmi.

"Naman ɗan'uwanka ne ya kwana a kwalba kamar na mushe? Boko ya cinye maka kai? An cire masa cuta, Allah ya rufa asiri, kai kuma ka ɗauko ta ka dawo mana da ita gida?"

Na ce, "Inna, gwaji za a yi." Sau ɗaya na faɗa, a hankali, kaina a ƙasa. Ta ce wane gwaji bayan an riga an cire, in je in suturta naman Musulmi tun kafin a tafi masallacin Juma'a. Ba zan ɗora mata laifi ba, Allah ya jiƙanta. Tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga aji ba, abin da ta sani ta faɗa, kuma don son ɗanta ta faɗa. Ni da na iya karanta takardar, ni da aka yi wa bayani da Hausa da Turanci, ni na ɗauki fartanya na zaga bayan rumbu na haƙa rami har gwiwar hannu. Ban ma buɗe murfin ba. Na sa ta yadda take na mayar da ƙasa, na tattake, na watsa ƙaiƙayi a kai. Kuma in faɗi gaskiya, wani sashe na zuciyata ya ji sanyi, domin ni ma ina son a ce an cire an gama.

Sai dai ba binnewar ce babban laifina ba, na daɗe da gane haka. Da a ce ranar Litinin na koma wurin likitan nan na ce, ranka ya daɗe, ga wautar da na yi, da iyakacinta ya yi mini faɗa ya sa wata rana a sake ɗiba. Mako biyu, ko uku. Amma ina! Wai ni shugaban makaranta guda, mai furfura a gemu, in tsaya gaban yaron da bai wuce sa'an ɗalibaina ba in ce na binne gwaji a bayan rumbu? Kunya ta riƙe mini ƙafa. Kowace Litinin sai in ce mako mai zuwa. Da Yaya Sale ya tambaye ni ko sakamako ya fito, na ce masa bai fito ba tukuna, aikin asibiti sai haƙuri. Ya dube ni ɗan lokaci, ya gyaɗa kai. Bai sake tambaya ba, ni kuwa na ji daɗin hakan.

Ruwa ya sauka, aka shiga aiki. Wannan daminar ba zan manta da ita ba. Yana buɗe baki ya kira Gwarzo, sai iska ta fito, Gwarzo ya yi ta tafiya har ya shiga gonar maƙwabci. Daga baya ya koya musu jin ƙwanƙwasar sanda a jikin garma, bugu ɗaya tsayawa, biyu juyawa. Mutane suka yi ta mamakin dabararsa suna yabo. Ni kan wuce a kan keke zuwa makaranta in ji wannan ƙwanƙwasa daga nesa, in ƙara taka feda. Wata huɗu aka yi a haka.

Da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, numfashi ya fara gagararsa. Yana ja ana jin ƙara daga zaure. Muka kwashe shi zuwa Kano a guje, aka huda masa wuya aka sa bututu don ya samu iska, aka sake gutsurar tsiron. Wannan karon ban yarda na taɓa kwalbar ba, na ce wa ma'aikatan su kai da kansu. Likitan ya buɗe fayil ya tambaya ina sakamakon na farko, na ce ban sani ba, wataƙila ya ɓace a can. Ya yi tsaki ya rubuta wani abu. Sakamakon na biyu ya ce sankara ce, ta riga ta kama kaluluwar wuya. Aka rubuta masa gashi, wato ƙona tsiron da hasken na'ura, da ƙarin ruwan magani, aka yi abin da za a iya. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce an zo a makare.

Akwai abin da ya faru kwana kaɗan kafin rasuwarsa, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bana. Bayan la'asar ya yafito ni da hannu in tashe shi. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, magana kuwa ta daɗe da ƙarewa. Ya dafa kafaɗata muka fita a hankali, ina tsammanin shanunsa yake son gani. Sai ya karkata da ni bayan rumbu. Ya tsaya daidai wurin, bai kuskure ko da taki ɗaya ba, ya ƙwanƙwasa ƙasa da sandarsa.  Ashe mutumin da yake gane inda gafiya ta yi tono a gonar wani, ta yaya zai kasa gane sabuwar ƙasa a bayan rumbunsa? Tun makon farko ya sani. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗora yatsa a leɓensa, ya bubbuga bayana sau biyu kamar yadda yake yi wa Fari idan an tashi daga aiki, muka koma ɗaki. Kara ya yi mini. Ya ga ƙaninsa ya yi abin kunya, ya gwammace ya yi shiru da ya tona ni, wataƙila kuma shi ma yana tsoron abin da kwalbar za ta faɗa. Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'iza.

Yanzu bari in dawo kan Saudatu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, idon ubanta ta ɗauko. Ta yi karatun gwaje-gwajen asibiti, yau tana aiki a ɗakin nan da aka aike ni ban isa ba. Idan ta zo hutu takan zauna a kan tabarma a zaurena ta yi ta ba ni labarin aikinsu, ni kuwa ina jin daɗi ina jin tsoro a lokaci guda. Daga bakinta na ji cewa ɗan naman nan da ake ɗiba ba a zubar da shi. Ana daskarar da shi a cikin kaki irin na kyandir, a rubuta masa lamba, a ajiye shekara da shekaru. Idan ana bukata sai a yanko shi siriri fiye da ɓawon albasa, a ɗora a gilashi, a duba ta madubin da ke ƙara girman abu.

Ta ce mini a da abin da ake tambayar tsokar bai wuce ko sankara ce ko ba ita ba. Yanzu ana tambayarta halinta. Jikin mutum, in ji ta, gini ne na ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma a bayan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan abubuwa masu karɓar saƙo, ta ce in ɗauke su kamar kunnuwa. Idan jiki yana son wani wuri ya girma ko rauni ya warke, sai ya aika saƙo, kunnuwan su karɓa, ƙwayar ta rabu biyu. Aiki ya ƙare, saƙo ya tsaya, ta huta. To a sankarar maƙogwaro sau da yawa kunnuwan nan kan yi yawa fiye da ƙima, har ƙwayar ta riƙa jin a girma, a girma, ko ba a kira ta ba. Wanda suka fi nema suna kiransa EGFR. Akwai maganin da suke zubawa a kan gilashin, ba ya kama komai sai waɗannan kunnuwa, inda suka yi yawa sai wurin ya rine ya koma ruwan ƙasa kamar goron da aka tauna. Da irin wannan shaida masana ke ƙoƙarin gane wace sankara ce mai gaggawa, wacce ce mai taurin kai ga gashi, har an yi magungunan da aikinsu toshe kunnuwan. Amma ta gargaɗe ni kada in ɗauka duban boka ne. Ta ce har yanzu masanan suna ja-in-ja a kan iya abin da shaidar take faɗa, ba kowane mai ita ne maganin ke yi wa aiki ba, kuma a ƙasarmu ba ko'ina ake gwajin ba, balle maganin.

Nakan zauna in yi tunanin abin da Yaya Sale zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai fara da dariya, irin tasa ta da, wadda ake ji daga bakin rijiya. Zai ce ashe sai da aka kai 'yarsa jami'a kafin ɗan boko ya yarda komai yana da shaida a jikinsa. Zai so ya leƙa madubin nan da idonsa, zai dame ta da tambaya har ta gaji. Bayan nan kuma zai yi tambayar manomi, wadda na san ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Shi ya koya mini cewa ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke kashe gero, kafin ka ga furenta ta gama shan jinin saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Zai ce to, kun iya karanta shaida, madalla, amma yaushe ake kawo muku abin karantawar? Zai duba ƙauyenmu ya ga kowa da waya a aljihu, babura sun maye gurbin jakuna, har injin huɗa ya fara korar shanu, amma mutum zai yi wata uku da disasshiyar murya ana ba shi zuma, ana kiran wanzami. Wannan zai ɓata masa rai, kamar yadda yake ɓata mini. Da mutum ya yi magana sai a ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, kwana idan ya ƙare ba makawa. Amma wanda ya ƙaddara kwanan shi ya ce a nemi magani, kuma bai ce a rufe wauta da sunan ƙaddara ba.

Wata uku da suka wuce Saudatu ta zo ba ranar hutu ba. Ta ce ta nemi izinin shugabanta ta binciko tsokar mahaifinta a ma'ajiya, ta same ta da lambarta, ta yanka ta rina da hannunta. Gilashin ya yi ruwan ƙasa gaba ɗaya. Ta ce irin mai gaggawa ce, ga dukkan alama. Sai ta buɗe jaka ta fito da kwafin wata takarda daga tsohon fayil, ta nuna mini layin da likitan nan ya rubuta ranar da ya yi tsaki. An ɗebi tsoka ta farko wata huɗu kafin wannan, ba a ga sakamako ba. Ta ce ta duba littafin karɓa na wannan shekarar shafi-shafi, babu sunan babanta.

"Baffa, an ce kai aka ba wa kwalbar. Ina ta shiga?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuwa har gwiwar hannu kawai ya kai. Na iya cewa na manta. Na iya ɗora wa mai gadi, ko ma'aikatan da ba su san hawa ba balle sauka, kamar yadda na yi a gaban likita. Amma na dubi fuskarta na ga ta Yaya Sale ranar da ya tambaye ni sau ɗaya ya gyaɗa kai. Na tashi na ce ta biyo ni. Rumbun ya rushe tuni an gina wani a gurbinsa, wurin dai yana nan. Na tsaya a kai na faɗa mata komai, Inna da turmi, fartanya, Litinin ɗin da ba ta zo ba, har sandar da ya ƙwanƙwasa. Na tambaye ta ko da na kai a kan lokaci zai rayu. Ta ce ba ta sani ba, kuma babu mai iya ce mini i ko a'a, sai dai wata huɗu ga irin wannan cuta ba kwana huɗu ba ne. Ta dubi ƙasar. Sannan ta ce, "Kai ka yi wa Inna kara, Baba ya yi maka kara. Kowa ya rufa wa kowa asiri, ni kuma aka bar ni marainiya." Ta ɗauki jakarta ta fita, ko ruwan gidan ba ta sha ba.

Ban ga laifinta ba, ko kaɗan. Amma ciwon da na ji ba ya misaltuwa. Yarinyar nan ni na kai ta makarantar kwana a bayan keke, ni nake sa hannu a wurin da aka rubuta uba. Na rasa ɗan'uwa da hannuna, ga shi zan rasa abin da ya bar mini. Na je wurin limaminmu na kwance masa komai, na kuma tambaye shi hukuncin naman da aka ɗiba don gwaji. Ya ce suturta abin da ya fita daga jikin mutum abu ne mai kyau, amma ceton rai yana gaba da shi, lalura ce, ba laifi a kai a duba. Amsar da ba ta ɗauke shi minti biyu ba. Gidansa da namu katanga uku ce a tsakani, shekara goma sha ɗaya ban tambaya ba.

Makonni uku da suka wuce na ji maƙwabcinmu Malam Habu, mai sayar da gyaɗa a kasuwar Ɗanbatta, yana ciniki da wani da disasshiyar murya irin ta Yaya Sale. Na tambaya, aka ce ta fi wata biyu a haka, har an yi magana da wanzami zai zo ranar Asabar. Ban san lokacin da na faɗa gidansa ba sallama ba. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na ce wallahi ƙarfe ba zai shiga bakin nan ba sai likita ya leƙa. 'Yan'uwansa suka ce malam ya fara ruɗewa, ina ruwansa. A gabansu duka na ba da labarin kwalbar, karo na farko a bainar jama'a. Muka je Kano. Aka ga tsiro, aka sa rana, aka ɗiba. Da ma'aikaciya ta fito da kwalbar tana tambayar wa zai kai, na miƙa hannu biyu.

Ban sa ta a aljihu ba. A tafin hannuna na riƙe ta, ɗayan hannun a kan murfin, na bi dogon barandar nan ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, tagar a buɗe take. Na san a ginin take aiki, amma ban san ranar ita ke karɓa ba. Na ɗaga kai na ga Saudatu cikin farar riga. Ba ta yi murmushi ba. Ta karɓi takardar ta karanta, ta ɗaga kwalbar a haske ta duba murfin, ta rubuta lamba a jiki ta rubuta a littafi, duk ina tsaye ina kallon hannunta. Sannan ta dube ni.

"Ta iso lafiya, Baffa."

Na nemi benci na zauna.

Sakamakon Malam Habu bai fito ba har yanzu, muna roƙon Allah ya sa an zo da wuri. Ba zan ce Saudatu ta yafe mini ba, ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dai aiko cewa in ajiye mata irin geron babanta, za ta zo shuka idan ruwa ya sauka. Irin yana nan, shi muke shukawa kowace shekara, rabin unguwarmu ma shi suke shukawa ba su san daga hannun wa ya fito ba. Fari da Gwarzo an daɗe da sayar da su, muryar da ake ji gonaki bakwai babu wanda ya naɗe ta a waya. Abin da ya rage na Yaya Sale shi ne wannan iri, da ɗan kaki mai lamba a wata ma'ajiya a Kano, da 'yar da ke karanta shaidar da idonmu bai kai ba. Sai kuma kwalba guda a bayan rumbu, wadda na bar ta a inda take, ina wucewa ta gefenta kowace safiya.

Wanda duk aka miƙa masa irin wannan kwalba, don girman Allah ya kai ta inda aka ce, a ranar da aka ce. In kuma ya yi kuskure irin nawa, ya koma ranar Litinin ya faɗa. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya jiƙan Inna, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ni kuma ya yafe mini wata huɗun nan.